Ƙarfi ko Amana: Wa Za a Danƙa wa Yaran Mandera a Filin Ƙwallo?

Da an sallame la'asar a garuruwan Boɗinga da Shagari, filin makaranta kan koma hannun yara. Sanduna biyu da igiya sun isa raga. Wani da takalmi, wani ƙafarsa tsirara, ƙura na tashi har kiran magariba ya raba su. A Mandera ma haka abin yake. Da wuya a sami ɗan sakandaren da bai san sunan kocin Arsenal ko na Real Madrid ba, domin gidajen kallon ƙwallo sun kai labarinsu kowane lungu. Amma iyaye ƙalilan ne za su iya faɗin sunan mutumin da ke tsaye da usur a bakin filin makarantar 'ya'yansu, balle su san yadda aka yi aikin ya zo hannunsa.

Yadda akan yi ba ɓoyayye ba ne. A yawancin makarantun gwamnati na karkara babu wata kujera mai suna koci a takardar albashi. Shugaban makaranta ne kan dubi malamansa ya ce, "Malam wane, kai ne malamin wasanni." Wani lokaci ɗan bautar ƙasa ne da zai haɗa kayansa bayan shekara guda. Wani lokaci kuma matashin gari ne da ya taɓa buga wa wata ƙungiya a birni, ya dawo gida yana taimakawa kyauta. Muddin babu gasa, ba mai waiwayar kujerar. Amma da zarar an sa kofi, ko wani mai neman ƙuri'a ya kawo riguna da 'yan kuɗi, sai ta yi farin jini. A nan ake fara jin maganganun da kowa ya sani: "Ai yaronmu ne." "A yi masa alfarma, Yallaɓai, ba shi da aikin yi." "Daga sama aka turo shi."

Shin addini yana da ta cewa a kan irin wannan ƙaramin naɗi? Da yawa za su ce wasa ne, kada a ɗora masa nauyin da bai kai ba. Mutanen wannan yanki su ne suka fi kowa dalilin ƙin yarda da wannan amsa, saboda tarihin ƙasar da suke takawa.

Sifawa tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 har zuwa 1815, lokacin da ya koma Sakkwato, kuma yana nan ne ya raba ɗawainiyar tafiyar da daula tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Shi kansa Abdullahi ya zauna a Boɗinga kafin Gwandu ta zama mazauninsa. Tambayar da ta fi cin ran waɗannan malamai bayan yaƙi ita ce wa za a ba aiki, kuma da wane ma'auni. Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano a kan haka. Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya jera ginshiƙan mulki biyar, ya fara da hana shugabanci ga wanda ya nace sai an ba shi, ya biyo da shawara, da barin tsanani, da adalci, da kyautatawa. Gaskiya ne sarakuna da alƙalai suke nufi. Amma tushen da suka ɗora maganarsu a kai ya fi sarauta faɗi.

Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani baƙauye ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da lokacin tashin Alƙiyama. Aka nuna masa cewa alamarta ita ce tozarta amana, da ya nemi ƙarin bayani aka fassara masa tozartawar da miƙa al'amari ga wanda bai dace da shi ba. Akan kawo wannan hadisi a wa'azi idan ana zancen gwamnoni da ministoci, jama'a su girgiza kai. Sai dai gwamna ɗaya ne a jiha, shugabannin makarantu kuwa ɗaruruwa ne, kuma kowannensu yana naɗa mutane kowane zango. Al'ummar da ta saba yin alfarma a kan ƙaramin aiki ba za ta iya cancanta a kan babba ba, domin yaran da suka ga yadda aka zaɓi kocinsu su ne za su zauna a kujerun naɗi nan da shekara 20.

Abin sha'awa shi ne Alƙur'ani ya kawo labarin ɗaukar ma'aikaci, kuma aikin ba na mulki ba ne, na kiwo ne. A Suratul Ƙasasi, Annabi Musa (AS) ya isa Madyana yana gudun hijira, ya tarar da mata biyu sun tsaya gefe da dabbobinsu saboda cunkoson makiyaya a bakin ruwa, ya shayar musu. Ɗaya daga cikinsu ce ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da siffa biyu: ƙarfi da amana. Baƙo ne, ba shi da dangi a garin, ba shi da wanda zai tsaya masa. Abin da ya yi masa shaida aikin da aka gani da ido ne, da halin da aka gani a hanya. Malaman tafsiri sun ce ƙarfinsa ta gani a bakin rijiya, amanarsa kuma ta gani a yadda ya kame kansa lokacin da take yi masa jagora zuwa gida.

Da kullum ana samun mutum ɗaya mai siffofin nan biyu, da magana ta ƙare. Matsalar shugaban makaranta ita ce sau da yawa mutum biyu ne a gabansa. Ga tsohon ɗan wasa da ya san sirrin fili, yara na sonsa, yana iya ciyo kofi, amma bakinsa da zagi, an san shi a shagon caca, kuma ba ya ganin laifin ɗauko wanda ba ɗalibi ba ya sa masa riga. Ga kuma malamin kirki, mai sallah a kan lokaci, wanda bai taɓa tsara atisaye ba, bai san abin da ake yi wa yaron da ya gurɗe ba.

Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi dogon bayani a kan irin wannan tsaka mai wuya a littafinsa Siyasatush Shar'iyya. Ya yarda cewa haɗuwar ƙarfi da amana a mutum ɗaya abu ne mai ƙaranci. Mafitarsa ita ce a dubi irin aikin. Idan jagorancin yaƙi ne, jarumi mai dabara ya fi, ko da akwai wanda ya fi shi tsoron Allah. Ya kawo fatawar Imamu Ahmad, wanda ya fifita kwamanda mai ƙarfi da ke da laifi a kan salihi mai rauni, saboda laifin na farko kansa yake komawa, ƙarfinsa kuma jama'a ke amfana, na biyun kuwa salihancinsa nasa ne, rauninsa jama'a ke kwana a ciki. Tarihi ma ya nuna haka. A shekara ta 8 bayan hijira an ba Amru bin Asi, wanda bai daɗe da musulunta ba, jagorancin rundunar Zatus Salasil, alhali Abubakar da Umar suna cikinta. Abu Zarri kuwa, duk da gaskiyarsa da ta shahara, da ya nemi muƙami Manzon Allah (SAW) ya gaya masa yana da rauni, kuma abin amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan kuma aikin tsaron dukiya ne, in ji Ibn Taimiyya, amintacce ake sawa gaba.

To, kocin makaranta kwamandan yaƙi ne ko ma'aji?

Masu son kofi za su ce kwamanda ne, kuma harshen ƙwallo yana taya su: ana kai hari, ana tsare gida, ana lallasa abokan karawa. Amma a duba hujjar Imamu Ahmad da kyau. Ya yarda da mai laifi ne bisa sharaɗin cewa laifinsa kansa yake tsayawa. Wannan sharaɗi ba ya cika a filin makaranta. Sojojin da kwamanda ke jagoranta manya ne da halinsu ya riga ya kafu. Waɗanda ke hannun koci 'yan shekara 12 zuwa 18 ne, kuma babu malamin da suke kwaikwayo kamar wanda ke da ikon cewa wane zai buga, wane zai zauna a benci. Malamin lissafi yana da su minti 40 a aji, suna ɗokin a kaɗa ƙararrawa. Koci yana da su da yamma, da son ransu, a lokacin da zuciyarsu take buɗe. Zaginsa zai zama zaginsu, cacarsa ta zama tasu. Saboda haka aikinsa ya fi kusa da na ma'aji, kuma dukiyar da aka ba shi ajiya 'ya'yan mutane ne.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka fifita kofi a kan gaskiya a wasan yara. Ita ce ta ci kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema, ta kuma sake ɗaukar kofin matasan a 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Babu ƙasar da ta kai ta yawan cinsa. Amma a 1989 FIFA ta dakatar da ita shekara 2 daga gasannin masu ƙayyadaddun shekaru, bayan an ga ranakun haihuwar wasu 'yan wasanta 3 a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. A 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don gano shekaru. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar matasan ƙasar suka faɗi wannan gwaji dab da karawa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya a lokacin.

Wannan ɗabi'a ba a Abuja take farawa ba. Tana farawa ne ranar da malamin wasanni ya kira wani ƙato mai sana'ar acaba, ya ba shi sunan wani ɗalibi, ya ce wa sauran yara su yi shiru. Yara 11 sun shiga fili, wasu sun zauna a benci, ɗaruruwa na kallo, kuma dukansu sun san sojan gona ne. Ranar sun koyi cewa ƙarya halal ce idan za ta kawo nasara, kuma babba ne ya koya musu, da sunan makaranta. Wa'azin wata guda ba zai goge wannan darasi ba. Akwai kuma yaron da aka zalunta kai tsaye, wato ɗalibin gaskiya da ya yi ta zuwa atisaye, aka ajiye shi saboda baƙo. Haka abin yake ga kocin da ke binne laya a bakin raga: ya taɓa tauhidin yaro, ya kuma cire masa yarda da cewa ƙoƙari ne ke kawo sakamako da izinin Allah.

Akwai wani ɓangaren amana da kunya kan hana a faɗa, kuma shirun shi ne ke ba mugu dama. A Ingila, Barry Bennell ya shafe shekaru yana horar da yara a Crewe Alexandra da ƙungiyoyin da ke da alaƙa da Manchester City, ana yaba masa da idon gano gwanaye. A 2018 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 30 saboda lalata da yaran da ke hannunsa. Rahoton binciken da aka fitar a 2021 ya nuna hukumar ƙwallon ƙasar ta yi sakaci wajen kare yara. Gwanintarsa ce ta rufe idon manya. Ƙaramin gari bai tsira daga irin wannan ba don kowa ya san kowa. Sanayya ma takan sa a rufe magana don gudun ɓata zumunci. Duk wanda za a bari ya yi tafiya da yara zuwa wani gari, ya kwana da su, dole a bincike shi kamar yadda ake binciken mai neman aure, kuma kada a bar shi ya tafi da su shi kaɗai.

Duk da haka, kuskure ne a fahimci cewa kirki kawai ya wadatar. Rashin iya aiki shi ma cin amana ne idan mutum ya karɓi abin da ya san bai iya ba. A watannin Maris da Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Kocin da ya sa yara gudu da rana tsaka ba ruwa, ko ya matsa musu da atisaye mai nauyi suna azumi, ko ya mayar da yaron da ya bugu a kai cikin fili don wasa ya yi zafi, yana iya jawo asarar rai, komai yawan nafilarsa. Saboda haka akwai gwargwadon sani da ba a sassauta shi: dokokin wasa, taimakon gaggawa, da sanin abin da jikin yaro zai iya ɗauka. Bambancin shi ne wannan sani ana koyonsa. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana horar da masu horarwa tun shekarun 1970, kwalejojin ilimi kuma suna yaye malaman motsa jiki da kiwon lafiya. Amintaccen malami mai sha'awa zai iya zama koci mai kyau cikin 'yan shekaru. Ba a san wani kwas da ke mayar da maci amana amintacce ba. Ibn Taimiyya ma ya kawo wata mafita da ta dace da ƙaramar makaranta: idan mutum ɗaya bai cika ba, a haɗa biyu. Malamin makaranta ya riƙe rajista da kuɗi da tafiye-tafiye, tsohon ɗan wasa ya koyar da dabarun fili a ƙarƙashin idonsa.

Ƙarfin koci a kan zuciyar yaro abu ne da har kotun ƙolin Amurka ta yi shari'a a kai. A 2022 ta yanke hukunci, alƙalai 6 da 3, cewa Joseph Kennedy, kocin wata sakandare a garin Bremerton, yana da 'yancin yin addu'a a tsakiyar fili bayan wasa. Waɗanda suka soki abin sun ce yara za su bi shi ko ba su so, don tsoron kada a ajiye su a benci. A Mandera damuwar ta juya baya. Iyaye suna tsoron kocin da zai bar magariba ta wuce ana buga ƙwallo, ko ya sa atisaye daidai lokacin Islamiyya, ko ya riƙe yaro da damina alhali ana jiransa a gona. Yammacin yaron karkara gajere ne, masu haƙƙi a kansa kuma suna da yawa. Kocin da ya busa usur da jin kiran salla, ya shiga sahu da yaransa, ya kawar da rabin ƙiyayyar da wasu iyaye da malamai ke yi wa ƙwallo. Wanda ya zauna da malamin Islamiyya suka raba ranaku ya kawar da sauran.

Saura batun neman aiki. Idan Shehu ya ce kada a ba wanda ya nace, kuma an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci, shin laifi ne matashi ya rubuta takarda yana neman zama koci? Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya bayyana cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Malamai sun daidaita nassosin da cewa abin zargi shi ne kwaɗayi, ba gabatar da kai ga wanda ya san ya iya kuma ya ga buƙata ba. A aikace bambancin yana fitowa fili. Wani yana zuwa da shaidar abin da ya yi, ya yarda a gwada shi. Wani yana zuwa da wasiƙar babban mutum, ya ji haushi idan aka ce ya shiga fili a gani. An ruwaito Sayyidina Umar ya ƙi karɓar shaidar wani a kan wani har sai da ya tambaye shi ko sun yi maƙwabtaka, ko tafiya, ko cinikin kuɗi. Ganin mutum a masallaci bai ishe shi ba. Kwamitin makaranta a ƙaramin gari yana da sauƙin samun waɗannan amsoshi fiye da kowace ma'aikata a birni, in dai yana son jin su.

Amana kuma ba a wuyan koci kaɗai take ba. Dattijon Madyana, mahaifin matan nan biyu, ya yanka wa Annabi Musa wa'adi bayyananne, shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne, ya kuma nuna ba ya son tsananta masa. Makarantar da ta ɗauki matashi ba takarda, ba alawus, ba ƙwallo, ba akwatin magani, sannan ta ce lallai ya kawo kofi, ita ce ta tura shi ga sojan gona da cin kuɗin motar yara. Ko kaɗan ne abin da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya bayarwa, a faɗe shi tun farko, a biya shi a kan lokaci.

Mutanen Shagari sun san darajar malami. Alhaji Shehu Shagari ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa a 1979. Shi ne ya miƙa wa Christian Chukwu kofin nahiyar Afirka a Legas ranar 22 ga Maris 1980, bayan Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema. Cikin tawagar akwai Henry Nwosu, matashin da ya fito daga kwalejin St. Finbarr's ta Legas, makarantar da ta yaye Stephen Keshi, wanda ya ci kofin a matsayin kyaftin a 1994, ya sake cinsa a matsayin koci a 2013. Daga Sakkwato ma Shehu Abdullahi ya tashi ya buga wa Kano Pillars, ya samo tagulla a Olamfik ta 2016, ya je gasar cin kofin duniya ta 2018. Irin waɗannan ɗaiɗaiku ne. Mafi yawan yaran da ke tayar da ƙura a filin Mandera manoma za su zama, da 'yan kasuwa, da malamai, da ma'aikata, kuma abin da zai bi su daga filin shi ne halin da suka ɗauka a wurin mai usur.

Don haka shugaban makarantar da zai naɗa koci a zangon nan ya sanar da gurbin a fili, ya zauna da kwamitin makaranta da iyaye da limamin gari, a tambayi maƙwabtan mai nema da waɗanda suka yi hulɗar kuɗi da shi, a ba shi zango guda ana kallon yadda yake da yara. A rubuta masa cewa wanda ba ya cikin rajista ba zai sa rigar makaranta ba, ko da za a fitar da su a zagayen farko. Iyaye kuma su riƙa leƙa filin da yamma, su san sunan mutumin da suka bar wa 'ya'yansu.